Ƙugiyar Ɗ

A shagon Nomau, bayan kasuwar Dole,
na je buga katin arba'in ɗin Baba.
Ya juyo mini na'ura: zaɓi haruffa.

Na wuce masu ƙiba da ke ihu a bangon kanti.
Sai ga wasu sirara, sun karkata dama kaɗan,
kowane da ƴar dunduniyar da yake takawa,
wutsiyar y ta zubo kamar zaren da ya kuɓuce wa allura.

Haka Baba ya sunkuya kan keken ɗinki
shekara talatin a Zango.
Na ce: waɗannan.

Nomau ya danna, ya yi tsaki.
Wanda ya zana su bai san Damagaram ba.
Ɗanjuma ya fito Danjuma,
wani baƙo can, ba ubana ba.

Wuta ta ɗauke da la'asar.
Muka zauna bakin ƙofa da kati ɗari biyu,
yana lanƙwasa wa kowane D ƙugiyarsa,
ni ina hura tawada ta bushe.

Na ɗari da tara ya fi sauran kyau.
Shi ban raba ba.