Harafi Shida

Ranar Talata a Grimsby, ruwa na dukan taga.
Na baje wa Wilfred jarida a cinya, shafin baya,
inda fararen akwatuna ke jiran biro.
Na karanta masa: lamba tara, a kwance,
"mai ƙarfin ɗa namiji," harafi shida.

Ya san ta. Na ga ta taso masa a ido.
Amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara
kalmomi kan zo masa bakin ƙofa su tsaya,
kamar jirgin da ya iso gaɓa ya tarar an rufe mashiga.

Na ɗauko ƙamus ɗin da muke tokare taga da shi.
Ya ce asalinta Latin ne, daga sunan namiji kawai,
sannan ya kasa ta kashi uku, kamar mahauci.

Kashin farko: ƙarfi da kuzarin cikakken namiji.
To, wannan ba labari aka ba ni ba.
Shekara ashirin da shida yana jan koma a tekun Iceland,
gemu ya daskare, igiya ta ci masa yatsa ɗaya da rabi,
ya dawo yana warin kifi da gishiri,
ya ɗauke ni cak, ni da kwandon wankina,
ya haye bene da mu.

Na biyu a zuci na karanta:
mai iya haihuwa.
Likitan nan mai sanƙo ne ya faɗa mana,
shekarar da zafi ya busar da ciyawar gari,
ko kai bai ɗago daga takarda ba.
Muka tako gida, ba wanda ya ce uffan.
Uwarsa ta ɗauka ni ce. Matan layinmu ma haka.
Na bar su a kai.
Kusan shekara hamsin ina ɗauke da zancen
kuma bai kai kwandon wankin nan nauyi ba.
Shi ne dai ya daina rera waƙa in yana aski.

Na uku ya ba ni dariya.
Wai akan faɗa wa rubutu ma, ko murya, ko kiɗa,
in ya fito gar, ba kwana-kwana.
Ashe takarda ma tana da mazantaka!
Wilfred bai taɓa rubuta abin da ya wuce kati ba:
"Sanyi. Kifi kaɗan. Alhamis. Ki ciyar da kyanwa."
In ba wannan ake nufi ba, to ban san shi ba.

Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ja kunne:
ba a cika faɗa wa mace ba.
Ba a ce komai kan tsoho ba,
amma masu talla a talabijin sun riga sun raba gado:
kalmar ta masu faffaɗan ƙirji ce da turare,
da ƙwayoyin da ake aikowa a rufaffen kwali.

Na rufe littafin, na ce kawo in rubuta.
Sai ya damƙe min hannu da hagunsa, mai sauran rai,
ya zare biron.

Minti goma sha ɗaya. Na duba agogon kicin.
Harafin farko ya tsallake akwatinsa,
na uku ya jingina da na huɗu kamar ɗan giya,
gumi ya tsattsafo masa a goshi,
yana numfashi irin na jan koma.
Sau biyu na miƙa hannu, sau biyu ya harare ni.

Da ya gama ya ture jaridar,
ya dube ni da rabin bakin da ke iya murmushi.
Shayi ya huce, na tashi in sake ɗorawa.
Ƙamus na mayar gindin taga, don iska na shigowa.

Ina kicin na ji yana buga biro a hannun kujera.
Lamba goma, a tsaye: tsuntsun teku, harafi huɗu.