Mai Wana Agogon Kotu

Matakala saba'in da uku ce zuwa hasumiya.
Na ƙirga su tun gwiwata ba ta san ciwo ba.
Kowace Litinin nakan hau da gwangwanin mai
in wana agogon, in kori tattabaru.

Farin dutsen nan daga gaɓar kogi aka faso shi,
alfadarai suka jawo shi ta cikin gonakin alkama.
Kakana Vaclav Sobotka na cikin masu sassaƙa;
bai iya Turanci ba, sai ya bar sunansa
a bayan ginshiƙin ƙofa, inda alƙali ba ya dubawa.

Fuska huɗu aka yi wa agogon,
uku ne kawai ke da hannu.
Ta yamma, mai kallon garin Pruett,
ko lamba babu a kanta.
Mutanen can ne suka zo da dare cikin dusar ƙanƙara
suka kwashe kundin filaye a keken doki
don a ce su ne hedikwatar gunduma.
Namu suka bi sawu, suka ƙwato kafin asuba,
suka rantse ko lokaci ba za a ba su kyauta ba.
Yau Pruett ko gidan mai ba ta da shi,
amma fuskar na nan fara fat, tana riƙe da gaba.

Dutsen bakin ƙofa ya lotsa kamar tsohuwar akushi.
Manoma ne suka cinye shi da takalma,
masu rigimar iyaka, masu biyan haraji suna ƙunƙuni,
da wani Orval Tackett da ya sha kaye sau tara
a kan shinge guda, bai daddara ba.

A ɗaki na biyu na sa hannu na auri Odelia.
A na uku, bayan shekara arba'in da ɗaya,
aka buga hatimi a takardar rasuwarta.
Bango ɗaya ne tsakani, ko kauri ba shi da shi.

An ce baɗi za a sa wa agogon injin lantarki.
To, a sa.
Ni dai yau ma na hau, na huta sau huɗu a hanya,
na tarar ya yi jinkirin minti biyu,
na tura hannunsa da yatsa,
ƙasa kuma wani ya ɗaga kai, ya gyara nasa.