Tudun da Ya Cinye Gonar Gwaggo

Naira ɗari biyu kowane kai,
in ji yaron da ke bakin shinge,
ya yago mana takarda mai tambari.
Gwaggo Tabawa ta kwance haɓar zane,
ta ƙirga kuɗin har sau biyu,
ta ce, kowa ya daɗe ya ga daɗau,
yau ni ke biya in ga abin da ya kore ni.

Da hantsi muka baro Birniwa
a bayan a-kori-kura mai tarin tsufa.
Hanya duk kaba da tumfafiya,
sai layin darbejiya da aka dasa
don a ce wa yashi: iyakarka ke nan.

Ga shi nan kwance,
ja-ja kamar bijimin da ya ƙoshi,
tozonsa ya tokare sama.
Iska ta yi masa kitso tun asuba,
shuku a nan, zane-zane a can,
ba wanda ya taɓa.
Buzuzu ya ratsa ya bar rubutu
da ƙananan baƙaƙe marasa wasali.

Ɗan'asabe mai gadi yana ta bayani:
kada a ɗebi yashi,
kada a sare kara ko ɗaya,
kada a hau ta gefen gabas.
Gwaggo ba ta ji ba.
Ta tuɓe takalmi ta riƙe a hannu,
tana hawa, ƙafa na nutsewa,
taku uku gaba, ɗaya na komawa.

A can sama ta tsaya tana haki.
Ta nuna wani kan goruba
da ya leƙo daga cikin rairayi
kamar mai neman ceto a kogi.
Ta ce, a gindinta nake ajiye tulu.
Nan riɗi, nan gero, can wake.
Rijiyar Malam Jatau tana ƙarƙashin
inda ɗaliban nan ke ɗaukar hoto.
Ban ce komai ba.
Me zan ce?

Yara suna gangarawa a kan buhu,
ihunsu har ƙauyen gaba.
Ta kalle su, ta kalle su,
sai na ga kafaɗarta na rawa.
Na ɗauka kuka ne.
Ashe dariya ce,
irin wadda ke fito da hawaye.

Ta ce, ɓarawon nan kyakkyawa ne, ka sani.
Shekara talatin ina tsine masa,
ban taɓa hawa kansa na duba ba.

Da za mu fita Ɗan'asabe ya dube mu,
hannuwanmu wayam.
Sai da dare, a tsakar gida,
ta kakkaɓe takalminta a faifai,
yashi ya zubo, cikin cokali ɗaya.
Ta ƙulle shi a haɓar zane
inda kuɗin nan suke ɗazu.
Ta ce, na karɓi zakkar gonata.