Mai Ƙirga Waɗanda Suka Tafi

A Umdurman aka haife shi, bayan kasuwar fata,
jikan mahajjacin da guzuri ya ƙare wa a hanyar Makka.
Dakta Haliru Tukur. Tabarau ɗaure da zare,
aljihu cike da katunan rubutu da ɓawon gyaɗa.
Shekara talatin da ɗaya yana bin sawun mutanen
da ke kulle shago ran Juma'a da yamma,
wata rana suka kulle, ba su dawo ba.

Abokan aiki suka ce, "Duk faɗin tarihi
sai na Yahudawa? Ina ruwan biri da gada?"
Ya ce, "Kakata ta ci bashin alawayyo kamu huɗu
wurin Ilyahu mai yadi.
Ya tafi ba ta biya ba. Ni nake biya."

Ni ke riƙe masa lema a maƙabartarsu ta Hartum.
Yakan durƙusa, ya jiƙa tsumma, ya goge dutse,
ya bi baƙaƙen daga dama zuwa hagu
yana motsa leɓe.
Inda dutse ya fashe, suna ya rabu biyu,
sai ya rubuta rabin da ya gani, ya bar gurbi.
Na taɓa cewa, "Ai Rahila ce, ko makaho ya sani."
Ya ce, "Ka gan ta?"

Wasiƙu na zuwa daga ƙetaren teku,
tsofaffi na tambaya ko lemun tsakar gidansu na nan.
Sai ya hau mota ya je ya leƙa
kafin ya ba da amsa.

Littafi biyu kacal ya bari.
Na biyun, ciwon suga ya riga shi zuwa idonsa.
Ya rasu saura wata bakwai a fara harbi.

Da muka gudu Bur Sudan, matata ta ɗauki tukwane,
ni na ɗora akwatin katunansa a ka.
A shingen hanya wani mai bindiga ya zazzage su,
ya ce, "Su wane ne waɗannan?"
Na ce, "Mutanen garinmu ne. Sun riga mu fita."

Yanzu da dare, in an kawo wuta,
nakan ɗauki sabon kati: sunan layinmu, launin ƙofa,
wanda ke damanmu, wadda ke hagu,
mai shayin da ke bina kuɗin kofi tara.
Inda ban sani ba
nakan bar gurbi.