Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Motar Baba ba ta shan ruwa.
Ba lagireto, ba tiyo, ba ƙishi,
inji a baya kamar goyo,
fanka guda ce huhunta.
"Da kunne ake tuƙa ta," in ji shi,
"ran da ta sake murya, ka tsaya."

Ta sake murya bayan duwatsun Faw,
rana tsaka, kan hanyar Gadarif,
da mutum tara daga Mai Wurno
masu zuwa yankan riɗi,
laujensu a ƙarƙashin kujera.
Wani kaf-kaf-kaf ya taso daga baya
kamar zakara ya faɗa cikin daro,
sai warin baƙin mai ya biyo ƙeyata.
Na tsaya. Wannan karon na ji magana.

Na ɗaga murfi, zafi ya mare ni.
Fambel lafiya lau, dinamo na nan.
Na jira ƙarfe ya huce,
na zura hannu bayan gidan fanka,
yatsuna suka taɓo yadi.

Tsumman Baba ne.
Guntun jallabiyarsa mai ruwan ƙasa
da yake goge sandar awon mai.
Shekara shida yana lungun batir,
ban wanke ba, ban yar ba.
Yau iska ta ja shi, fanka ta haɗiye,
ta zubar da haƙora biyu a kansa.

Mun kwance noti bayan noti,
Sirajo na tara su cikin hularsa.
Babban na tsakiya ya ƙi,
sai da muka ƙara wa sifana bututu
mutum uku suka hau kai.
Da ta fito, ga ta kamar faifai,
gefe guda da giɓi.

Sirajo ya ce a kai wa mai walda.
Tsoho Gwadabe, da bai yi magana ba tun Sinnar,
ya ajiye kofin jabanarsa.
Maƙeri ne kafin idonsa ya yi hazo.
"Walda nauyi ce, yaro.
Abin da ke juyi ba ya son son kai.
Za ta tarwatse ta tafi da injin."

Ya rataya ta a kan ƙusa, ya saki.
Ta juya, ta juya, ta rusuna gefe guda.
Ya shafa ta da tafin hannu,
ya ƙirga kunnuwanta kamar carbi
har ya kai daidai kishiyar giɓin.
"Cire waɗannan biyun."
Na ce, Baba, ai lafiyarsu ƙalau.
"Na sani," in ji shi. "Cire."

Na karya su da filaya, hannuna na rawa.
Ya sake rataya ta. Ta tsaya cik
duk inda aka bar ta.

Ba mu tashi ba sai da rana ta faɗi.
Giya ta uku, ba gudu,
duk rabin awa mu tsaya ta sha iska,
manyan motoci na wuce mu da hon.
Babu mai hira. Mutum goma
sun koma kunne guda.
Tana huci kamar tsohuwa a kan tudu,
amma tana huci.

Asuba ta same mu a Gadarif.
A kasuwar tsofaffin ƙarafa
wani ya zaro min fanka daga ƙasan tuli,
ya hure ƙura, ya tsuga kuɗi, na biya.
Mai giɓi huɗun na jefa bayan kujera,
har yau tana can, tana ƙara a gargada.

Tsumman kuwa, da yamma
na roƙi mai shayi bokiti da sabulu.
Sau uku ruwan yana baƙi.
Na huɗu ya fito da launin da na manta,
da ɗinkin Inna a bakin aljihu.
Na shanya shi a kan sitiyari,
na rufe gilasai.