Ɗori na Biyu

Ɗari da tamanin da bakwai.
Haka saƙon ya ce, a fasasshiyar wayar Nafi'u,
ina zaune kan buhun albasa a kasuwar Aliero.
Na goge gilashin da bakin rigata,
na sake dubawa. Ko ɗaya bai ƙaru ba.

Karatun likita ba ya amsa sallamar
mai ɗari da tamanin da bakwai.

Inna ta ce, "Ai ka ci, ɗiyan wasu ko ɗari ba su kai ba."
Kawu Ɗanjumma ya ce in karɓi duk kwas ɗin da aka miƙo,
wai mai jin ƙishi ba ya tambayar wa ya gina rijiya.
Kaka ne kaɗai bai tanka ba.
Yana zaure, hannunsa bisa ƙaurin wani ɗan kabu-kabu
da aka kwaso daga Jega a bayan a-kori-kura.
Ƙashin ya haɗe, amma a karkace,
wata uku mutumin na tafiya kamar mai tsallake kunya a gona.
Kaka ya shafa, ya tofa, ya ce, "Sirajo, danne min shi."
Na danne.
Ƙarar, a haƙorana na ji ta.
"Ɗorin gaggawa ke nan," in ji Kaka,
"sai an sake karya shi kana ya miƙe."

Da mai ƙafar yake, ba da ni ba.
Amma a daren na jawo kwalin littattafai daga ƙarƙashin gado,
na kakkaɓe kashin ɓera.

Bara a Birnin Kebbi na fara taɓa linzamin kwamfuta,
ran jarrabawar kanta.
Kibiyar na zillewa kamar tarwaɗa a hannun yaro,
agogon kusurwar allo na cin mintoci ba ya ko taunawa.
Tambaya goma sha ɗaya na baro a Kemistiri
ko gaisawa ba mu yi ba.

Bana, Talata da Asabar, ina shagon Lauwali mai hoto,
awa ɗaya in janareto ya yarda.
Yanzu kibiyar ta san hannuna.
Turanci ne har gobe ke yi min kallon baƙo:
kalma huɗu, duk kamarsu ɗaya,
a ce wai guda ce kawai 'yar gida.

Kuɗin fom ɗin Jamb, buhu biyu ne
cikin albasar da Baba ya ɓoye a rumbu tana jiran tsada.
Ya fitar da su tun farashi na kwance.
Bai ce bashi ba ne.
Ya dai faɗa min nawa za su yi da sun kai damina.

Nafi'u ya samu shiga jami'ar garin nan.
Da safe yakan wuce da jaka a kafaɗa, ya ɗago min hannu,
ni ma in ɗaga, da ƙasar fadama har gwiwar hannu.
Ba hassada ba ce.
Wani abu ne ƙanenta, da ban san sunansa ba,
shi ke tashe ni kafin ladan.

Saura kwana tara.

Jiya aka kwance wa ɗan kabu-kabu karan ɗori.
Ya miƙe, ya dafa bango,
ya riƙe ƙafar a sama kamar ta aro ce.
Kaka ya ce, "Taka mana. Ni na gama nawa."
Ya daɗe yana kallon ƙasa.
Ban tsaya ganin ƙarshe ba,
fitilata na caji wurin Lauwali,
kuma na tsaya a tambaya ta arba'in da ɗaya.