Kuɗin Taya

Ni ne Eusebio Barragán, mai tsinkar tuffa a kwarin Yakima,
shekara goma sha tara ina hawa tsani ina sauka.
Tuffar da tsutsa ta ci daga ciki,
tun kafin hannuna ya kai nake gane ta.
Amma takarda ta fi ni wayo.

Ran Talata ta zo, ambulan mai bakin zinariya,
da sunan 'yata Itzel, ba ko harafi da aka kuskure.
"Muna taya ki murna, an zaɓe ki.
Dala dubu goma sha biyu na jiran ki.
Aiko da ɗari uku da hamsin na ɗawainiya
kafin Juma'a, ko mu ba wani."

Ban nuna mata ba.
So na yi in ajiye albishir kusa da kwanon wakenta,
in ce, ga abin da tsohonki ya iya.
Kuɗin taya ne, tun kakar bara nake tara su
a gwangwanin kofi a saman firji.
Na ƙirga sau biyu gaban mai kanti,
na tura, na dawo gida ina fito.

Juma'a ta wuce, wata ta bi sawunta.
Na buga lambar, aka ce in dakata,
kiɗa ya yi ta yi a kunnena har batir ya mutu.
Washegari lambar ma ta mutu.
Na tsuguna gefen mota a bakin gona
ina kallon tayoyi huɗu masu sanƙo irin nawa.

Itzel ba ta san wainar da aka toya ba.
Kullum in an tashi makaranta tana laburare
wajen Malama Halvorsen, mai tabarau a igiya,
suna cike fom ɗin gwamnati layi bayan layi,
wanda ba a biyan ko sisi a kansa.
Ta karɓi takardun harajina, ta mayar mini a jere.
Wani dare ta ce, "Baba, ka ji Malama:
kyautar da ta ce ka fara biya, ƙugiya ce.
Kuma ta yaya mutum zai ci gasar da bai shiga ba?"
Na ce, "Haka ne,"
na cika bakina da gurasar masara
don kada wata magana ta sami hanya.

Kuɗin gaskiya ba su zo da zinariya ba.
Sun zo kamar yadda buhu ke cika, ɗaya bayan ɗaya:
tallafin tarayya, sai na jiha,
ɗari takwas daga ƙungiyar masu gonakin tuffa
saboda shafi biyu da ta rubuta a kan hannuwana,
ɗari biyu daga matan coci.
Sau tara aka ce mata a'a,
sau tara ta ja kujera ta sake zama.
Abin da ya rage, za ta wanke shi a ɗakin girkin kwaleji,
faranti bayan faranti.

Ran da na kai ta Ellensburg ana ruwa,
motar na zamewa a hawan dutse.
Ta ce, "Baba, ba ka ce za ka canja taya ba?"
Na ce, "Sun ƙara tsada."
Ta dube ni irin duban uwarta, mai tsawo,
sannan ta rage rediyo,
ta bar ni da hanya.

Takardar na nan.
Na ninke ta gida huɗu, zinariyar a ciki,
na cusa ƙarƙashin ƙafar teburinmu mai rawa.
Dala ɗari uku da hamsin.
Tun ranar miya ba ta sake zuba ba.